Tsumman da Ya Faɗi Cikin Yashi

A wani gari an yi wani mai wankin mota, kome aka ce masa sai ya ce, "Ai ba komai."

Wata rana wata Hajiya ta kawo masa baƙar motarta, ta ce, "Ɗana, ka wanke ta, ka shafa mata mai, ka goge ta sosai. Gobe da ita za a ɗauko amaryar ɗana."

Ta zauna a benci tana kallo. Yana cikin wanki sai tsumma ya faɗi cikin yashi. Ya ɗauka ya ci gaba.

Hajiya ta ce, "Kai, ɗauraye shi mana!"

Ya ce, "Ai ba komai."

Ya zo shafa mai, tsumma ya sake faɗuwa. Ya kaɗe shi a gwiwa ya ci gaba.

Hajiya ta ce, "Wai kai ba ka ji ne? Yashi fa!"

Ya ce, "Ai ba komai."

Da ya gama gugar, rana ta haska motar, sai ga fenti duk ya kakkarce tun daga gaba har baya. Hajiya ta dafe kai.

Can sai ta kira mai ƙosai ta saya. Ta saki ɗaya cikin yashi, ta ɗauka, ta kaɗe, ta miƙa masa. Ta ce, "Ungo, ci."

Ya ja da baya. "Haba Hajiya, yashi fa!"

Ta ce, "Ai ba komai."