Tagar Jar Duniya

Tagar Jar Duniya wani bango ne na gilashi a Cibiyar Sararin Samaniya ta Sabon Birni. Ka tsaya gabanta, ka ambaci sunan wanda kake nema a sansanin duniyar Mars, sai fuskarsa ta bayyana ku gaisa. Yawancin masu zuwa ba su da kowa a can sama. Sukan ari suna daga bakin ma'aikata, su ɗauki hoto, su wuce rumfar kilishi mai siffar roka.

Malam Barau kam yana da nasa. Ɗansa injiniyan na'urorin iskar shaƙa ne a sansanin, kuma tun bara saƙonsa ya yanke, har uwar yaron ta fara ƙin abinci. Shi ya sa tsohon ya hau jirgin ƙasa mai tafiya da maganaɗisu, ya zo ya bi layi tsakanin 'yan makaranta da sababbin ma'aurata.

Da layi ya zo kansa, ya ce wa gilashin yana neman yaron nan. Na'urar ta nemi suna. Ya ce mai sunan Malam. Ta sake neman suna.

Hansatu, mai zagayawa da baƙi, ta gano inda gizo ke saƙar: ɗan fari ne, kuma bakin dattijon bai taɓa furta sunansa ba. Ya roƙe ta a hankali ta ba shi takarda ya rubuta, ita ta faɗa. Sai ta kunna lasifika, ta sanar wa baƙi su matso su ga alkunya ta asali, irin wadda yanzu ko a gidan tarihi sai an tona.

"Baba, daure ka faɗa," in ji ta. "Na'ura ce, ba suruka ba."

Aka zagaye shi da wayoyi. Wani ango ya ba da shawarar a sa tsohon a gilashi shi ma. Malam Barau ya tuna kwanon tuwon da ke komawa madafa ba a taɓa ba. Ya dubi takalminsa.

"Sirajo."

Lasifika ta kai sunan har rumfar kilishi. Aka yi tafi.

Fuskar ta fito, ta rusuna. Ina gajiya, ba gajiya. Ina aiki, da godiya. Yaya sanyi, lokacinsa ne. Daga nan Malam Barau ya juya, don uba ba ya zaman hira da ɗan fari, ballantana a gaban jama'a. A jirgin komawa gida ya yi ta shirya albishir: yaro lafiya lau, har ya yi ƙiba.

Injiniyoyin cibiyar sun daɗe da lura cewa mutanenmu ba sa tsallake gaisuwa, kuma amsarta ba ta canzawa, don haka suka koya wa na'urar ta riƙa amsawa da tsofaffin hotuna. Sansanin ya yi shiru tun bara. Ba a rufe Tagar ba saboda ita ta fi jawo baƙi.