Sunan da Aka Kwashe Ranar Alhamis

Suhaibu ya saita kwamfutar ofishinsu na Kebbe: duk Alhamis da magariba takan kwashe sunayen ma'aikatan da suka rasu zuwa ma'ajiyar tsofaffin bayanai. Amininsa Armaya'u kaɗai ya ba lambar sirrinta.

Wata Alhamis yana dawowa daga Tambuwal, babur ya mace masa a daji. Wani dattijo ya tsaya gabansa, yana warin ƙasar da aka tono.

"Taho mu tafi, Suhaibu. Sunanka ya iso wurinmu."

"Baba, ai da raina."

"Armaya'u yas sa ka cikin matattu. Kujerarka shika so."

Armaya'un da suke cin tuwo kwano ɗaya? Suhaibu ya haska ƙasa da fitilar wayarsa. Dattijon bai bar sawu a yashi ba. Ya waiwaya, nasa ma babu.