Ɗan Haya a Zuciyata

“Ɗan haya?! Ɗana ne ɗan haya?!”

Muryar Mamansa ta cika falon, ni kuwa ina durƙushe a gefen kujera.

Likita, wanda saura kaɗan ya zama mijina, yana zaune ya sunkuyar da kai. Rediyo ce tsaye riƙe da takardar. ’Yar kawunsa ce, yawan surutu ya ja mata sunan, ita ke karɓar marasa lafiya a asibitin haƙorinsa, kuma ta daɗe tana son ta karɓi mai asibitin gaba ɗaya. Ambulan da na aika masa a hannunta ya faɗa, ta buɗe, ta garzayo nan da shi.

Abin da na nema ba shi da yawa. Yarjejeniya kafin aure, cewa shagon kek ɗina nawa ne, ko da zama ya ƙi. Yayana, dillalin gidaje da ya ɗan leƙa makarantar lauyoyi ya fito, ya ce zai rubuta min kyauta. Ban ko karanta ba. Araha ba ta ado, wallahi.

“Ci gaba da karantawa!” in ji Mama.

Rediyo ta gyara murya.

“Ɗan haya zai yi wa amarya fenti duk shekara...”

Na ɗago kai.

“Ba zai buga mata ƙusa ba sai da izini. Ba zai ba wani hayarta ba. Ba zai kiwata kaji ko awaki a cikinta ba...”

Innalillahi!

Na juya na kalli Yaya da ya rako ni. Ya ƙura wa fanka ido kamar yau ya fara ganinta.

“Yaya, mene ne wannan?”

“Ƙanwata, takardar hayar gida ce da nake da ita a kwamfuta. Duk inda aka ce gida na mayar amarya. Ai ƙa’ida ɗaya ce...”

“Ƙa’ida ɗaya?!”

“Ba wanda ya taɓa kai ni ƙara a kanta.”

Mama ta tafa hannu. “To an fasa! Yarinyar da ke shirin rabuwa tun ba a yi auren ba, me za mu yi da ita?”

Rediyo ta yi murmushi har kunne.

Na dubi Likita. Kafaɗunsa na rawa. Na ce a raina shi ke nan, na sa namiji kuka a gaban uwarsa.

“Rabin raina, ka yafe min...”

Ya ɗago. Ashe dariya ce ta shaƙe shi, har da hawaye.

“Awaki...” ya ce da kyar. “Sanyin idona, ina zan sa awakin?”

“Kai! Ba wasa muke ba!” Mama ta daka masa tsawa.

Ya share ido, ya sauko ya zauna kusa da ni a ƙasa. Dariyar ta tafi.

“Gaya min gaskiya. Tsorona kike ji?”

Nan nawa hawayen suka zo.

“Ba kai nake tsoro ba. Yayata ta gina shagonta da guminta. Ranar da aurenta ya mutu, mijin ya ce tare suka yi, ko cokali ba ta fita da shi ba. Ni na ɗauko ta a bakin titi. Ina sonka, Allah ya sani, amma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.”



Mama ta daɗe tana kallon zanen da ke cinyarta. Can ta dubi Likita ta ce a hankali, “Ni ma na taɓa yin keken ɗinki. Babanku ya sayar, ya ce zai sayo min sabo. Har ya koma ga Allah ina jira.”

Likita ya miƙa wa Rediyo hannu. Ta ba shi takardar kamar ana cire mata haƙori ba allura.

“Gobe za mu je wurin lauya na gaske,” ya ce, yana hararar Yaya. “A rubuta shago naki ne, har da cokulan. Wannan kuma ni zan ajiye, na yarda da komai sai layi ɗaya.”

Ya zaro biro, ya karanta: “Idan ɗan haya zai tashi, zai ba da sanarwa.”

Ya soke layin.

“Ba ni da ranar tashi.”

Yaya ya yi gyaran murya. “To maganar la’adata...”

Mama ce ta jefe shi da filo.

An yi auren. Rediyo ta nemi aiki a wani asibitin, Yaya kuma har yau yana gaya wa mutane shi ya haɗa mu.

Da muka cika shekara, Likita ya shigo shagona ana tsakiyar ciniki, ina fama da fulawa har gira. Ya ajiye ƙaramar jaka a kan kanta. Na buɗe, hoda ce da jan baki.

“Na mene ne, rabin raina?”

Ya gyara tsayuwa, fuska ba wasa.

“Shekara ta zagayo, ranki ya daɗe. Na zo yin fenti.”