Madubin Shukkur

Ni na fara gani, kowa ya bar faɗa. Ni Hashem, da na yi kwana shida a teku ba ruwan sha na dawo da ƙafata. Ban yi makaranta ba, amma idona ya fi na wani mai tabarau.

Ranar Talata da azahar na hango walƙiya can bayan tsibiri. Uku, a tsaya, uku. Na ce wa masunta, "Mutum ne, madubin neman ceto ne!"

Babu wanda ya taɓa kwale-kwalensa. Tun da safe Jobbar ya dawo yana kuka, wai abokin kamun kifinsa Shukkur ya kife da asuba, ya nutse. Mu kuwa a nan, hasken da ke kira daga teku bayan an rasa mutum, na mamaci ne mai neman abokin tafiya.

"Baba, tsufa ne," in ji Jobbar. "Je ka, in kai yake kira."

Sun hana ni jirgi. Laraba ma hasken ya yi. Alhamis sau ɗaya, a raunane.

Ranar Juma'a ruwa ya kawo kwale-kwalen Shukkur gaɓa. Yana zaune a ciki, ya bushe, usur a bakinsa, madubi a hannu. Duk sanda igiyar ruwa ta girgiza shi sai hasken ya bi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya.

Sufeto Mojibor ya iso kafin la'asar. Ya duba leɓen gawar, ya juyo.

"Kai ne Jobbar? Ka ce nutsewa ya yi?"

"A gabana, Yallaɓai."

"Ƙishi ya kashe wannan. Ina filafilin tuƙinsa?"

"Ruwa ya tafi da shi, mana."

Na matso. "Yallaɓai, duba guntun igiyar filafilin. Kowa a nan ɗaure filafili yake yi a jikin jirgi. Wadda ruwa ya tsinke takan yi gashi-gashi. Wannan wuƙa ce."

"Baba, ka taɓa aikin ɗan sanda?"

"Da na yi, da yanzu kai ke sara mini."

Bai yi dariya ba. Ya sa aka bincike rumfar da Jobbar ke bandar kifi. A cikin toka aka zaro rabin filafili, da jan zaren da matar Shukkur ta naɗa masa.

Jobbar ya durƙushe. "Ya kama ni ina zuba wa kifi guba, ya ce sai ya kai ƙara. Ban taɓa jikinsa ba, wallahi. Filafilinsa kawai na yanke, na tuƙa nawa jirgin na tafi, yana ta busa usur a bayana." Ya toshe kunnuwansa. "Yallaɓai, har yanzu bai daina ba."

Aka sa masa ankwa, aka wuce da shi ta gaban mutanen da suka kasa ɗaga kai.

Mai musu ya zo in kai shi bayan tsibirin, in karɓe filafilinsa. Ya kwana ɗaya tak, sannan ya ƙaryata ni.