Hayaƙin Motar Malam Zaidu

Ƙarfe uku da 'yan mintoci na wata Juma'a, a watan Maris na 1987, wani direban tifa ya shigo caji ofis na Yelwa da rahoto. Mota ta kaɗe wata mata a kan titin Birnin Yauri, ta juya ta gudu.

Sufeto Tanko ko hular masallaci bai cire ba. Ya kira Kofur Sule suka hau babur.

Matar sunanta Dudu, mai sayar da bandar kifi. Sun tarar an lulluɓe ta da zanenta a gefen kwalta, kwandonta a kife, kifi ya watsu har tsakiyar titi. 'Yarta Balaraba na zaune kusa da gawar da goyo a bayanta. Ta yi kuka har murya ta dushe.

"Allah ya jiƙanta," in ji Tanko. "Ke ce kuke tare?"

"Ni ce, ranka ya daɗe. Inna na gaba, ina biye."

"Wace irin mota?"

"Fijo shuɗiya, mai ɗagaggen baya. Ta Malam Zaidu ce, kowa ya san ta."

"Wa ke tuƙi?"

"Ban ga huska ba. Hayaƙi kawai nig gani, awa na murhun banda. Da ta juya ma hayaƙin ya ruhe ta."

Tanko ya bi kwaltar a ƙafa, taku hamsin gaba, taku hamsin baya. Ya tsinci fasassun gilashin fitila. Abin da yake nema ne bai gani ba.

"Kofur, ina sawun birki?"

"Babu, Yallaɓai."

"Titi miƙaƙƙe, rana tsaka, mutum ya hango tsohuwa da kwando, bai taka birki ba ko sau ɗaya. Rubuta."

Balaraba ba ta yi ƙarya ba, duk Yelwa an san motar. Malam Zaidu tsohon hedimasta ne. Ya sayi fijon sabuwa dal shekara tara da suka wuce, kuma tun daga ranar bai bar ta ta huta ba. Ya sa an ɗaga mata sifirin na baya saboda ramukan hanyar Wara, garin surukansa. Ya sa mata kariya a sama don buhunan shinkafa, da labulen leshi a gilashin baya saboda matarsa Hajiya Kulu. Kullum da safe da hannunsa yake wanke ta, yaran gida ko jingina ba sa yi da ita. Mutum ɗaya tak ya yarda ya taɓa injinta: Bitrus bakanike, mai gareji a gangaren bakin ruwa.

A can suka sami motar. Fitilar dama a fashe, Bitrus kuma a durƙushe da guduma yana miƙar da madigadin da ya loɓa. In ana neman mutumin da ya yi kama da mai laifi, to an samu.

"Ajiye gudumar," in ji Tanko. "Me ya sami motar?"

"Bishiya... da nake juya ta ne ta gogi bishiya, Yallaɓai."

"Wace bishiya?"

Bitrus ya waiga. Babu ko tsiro a garejin.

"Ka fita daga nan yau?"

"Ko nan da can."

Tanko ya ɗora hannu a kan bonet, da sauran ɗumi. Ya duƙa ya zaro wani abu daga cikin ramin fitilar, ya ɗaga shi a rana. Ƙayar busasshen kifi ce.

"Kofur, sa masa ankwa."

Da la'asar Malam Zaidu ya iso ofis cikin farar riga. Motar ya fara zagayawa, wadda aka turo aka ajiye a gindin dalbejiya, sannan ya tambayi wanda ya mutu.

"Yaushe ka kai ta gareji, Malam?"

"Jiya. Na ce ya yi mata waldar faranti a ƙarƙashin tanki, duwatsun hanyar Wara sun dame ta."

"Wani zai iya ɗaukarta ba da saninsa ba?"

"Ina! Ko ɓarawo ya sami makulli ba za ta tashi ba. Akwai maɓalli da na sa aka ɓoye a ƙarƙashin kujerar direba. Daga ni sai shi muka sani."

"Ka tabbata?"

"Sufeto, shekara talatin ina koyarwa, na san abin da nake faɗa."

Bitrus na bayan kanta yana ji. Ya ce, "Maigida, ka san halina. Shekara tara..."

Malam Zaidu bai ko dube shi ba. "Aikinka na sani, ban san halinka ba. Hukuma ta yi aikinta."

Di-Pi-O ya ce magana ta ƙare, ranar Litinin a kai shi kotu da laifin kisa. Tanko ya ce to. Amma da ya koma teburinsa ya daɗe yana kallon layin da Kofur ya rubuta. Bakaniken da ya shekara ashirin yana gyara birkin mutane, a ce ya manta inda birki yake? Abin bai zauna masa ba.

Ranar Asabar da safe ya sa aka fito da Bitrus gindin dalbejiya.

"Tashe ta in ji."

Bitrus ya laluba ƙarƙashin kujera, ya murɗa makulli. Injin ya yi tari, ya kama da ƙyar, salansa ta tunkuɗo shuɗin hayaƙi har Kofur Sule ya ja baya yana toshe hanci.

Bitrus ya kashe ta da sauri, ya fito ido a waje. "Kai! Wannan ba motata ba ce. Wato... ba haka na bar ta ba. Injin nan ko ɗigon baƙin mai ba ya ci. A ba ni sifana."

Aka cire masa ankwa. Ya kwance fulogi ɗaya, ga shi baƙi ƙirin, jiƙe da maiƙo. Ya kwance na biyu, haka.

"Yanzu ka gaya mini gaskiya," in ji Tanko, "ko kuwa Litinin ka gaya wa majistare labarin bishiya."

Bitrus ya zauna a kan tushen dalbejiyar. "Na fita, Yallaɓai. Da aka tafi masallaci na je tasha karɓar sandar walda da aka aiko mini daga Kontagora. Motar Kontagorar ta yi latti, na yi awa biyu. Makullin na bar shi ƙarƙashin tabarmar mota. Maigida ya sha gargaɗina kada in bar makulli, shi ya sa na ɓoye muku cewa na fita. Da na dawo na ga loɓar, na zaci akuya wani ya buge."

"Ba ka ji tsoron a ɗauke ta ba da ka bar makulli?"

"Da me za ta tafi? Ba a walda kusa da tanki da mai a ciki. Tun safe na tsiyaye shi tas a jarka, na kulle a shago."

Kofur Sule ya hau babur. Bayan minti ashirin ya dawo da jarka, cike har wuya.

Tanko ya yago takarda biyu daga littafin rahoto. Ya ɗiga man jarka a ɗaya. Ya sa Bitrus ya zuƙo na tankin motar da tiyo, ya ɗiga a ɗayar, ya shanya su a kan bonet. Kafin minti biyu ta farko ta bushe fes. Ta biyun ta bar tabon maiƙo kamar takardar da aka naɗe ƙosai.

"Wa ke zuba baƙin mai cikin fetur a garin nan?"

Bitrus ya ɗago kai a hankali. "Masu jirgin ruwa. Injin jirgi ba ya aiki sai da gauraye. Amma mota? Wane mahaukaci..."

"Wanda bai san wani mai ba sai shi."

A bakin ruwa jirage sun yi layi, ana lodin buhuna zuwa Wara da tsibirai. Tanko ya sami shugaban masu jirgi, wani dattijo, yana gyaran igiya a rumfa, ya nuna masa takardar.

Dattijon ya murza ta, ya shinshina. "Wanga haɗi ya yi kauri. Mu gwangwanin madara guda muka zuba ma galan. Wanga ya kai biyu."

"Akwai mai zuba biyu?"

"Mutum guda. Injinai ya tsuhwa, sai da haka shika tahiya. Lawali Hayaƙi aka ce mai. Ga jirginai can ɗaure."

"Bai fita ba yau?"

"Tun jiya. Da sahe ya sayi galan huɗu zai kwashi 'yan kasuwa zuwa Wara bayan Juma'a, sai farfela ta karye. Ya yi ta zagaye yana neman mai kai shi Birnin Yauri, wai akwai wani mai tsohuwar farfela can. Kowa na shirin masallaci, wa za ya kai shi?"

"Ɗan wane gida ne?"

"Ƙanen Hajiya Kulu na, matar hedimasta."

Tanko ya shiga jirgin. Injin ba farfela. Ya ɗaga jarkar da ke ƙarƙashin benci da yatsa biyu, wayam. Ya kife ta a kan sabuwar takarda, ɗigo uku suka faɗo.

Ya isa gidan Malam Zaidu bayan azahar, Kofur na biye da jarkar jirgin. Aka shimfiɗa musu tabarma a zaure. Hajiya Kulu ta tsaya daga bakin ƙofar cikin gida, Lawali ya fito yana gyara hula, mutum ɗan shekara talatin da wani abu, hannuwansa duk kanta.

"Ina kake jiya tsakanin ɗaya da uku?"

"Masallaci, Yallaɓai."

"Daga masallaci nan ya zo," in ji Kulu da sauri. "Ni na zuba mai tuwo."

"Sahu na nawa ka tsaya? Wa ke gefenka?"

"Jama'a da yawa, ban lura ba."

"Ka iya mota?"

"Ni? Jirgi nis sani."

"Ka taɓa shiga ta Malam?"

Malam Zaidu ne ya amsa. "Sau ɗaya, da Sallah, da za mu Wara. Gaba ya zauna, ya dame ni da tambaya, wannan na mene ne, wancan na mene ne. Har cewa ya yi in ba shi ya ɗana. Na ce masa mota ba jirgi ba ce."

"Da kuka tashi, ka laluba ƙarƙashin kujera a gabansa?"

Malam Zaidu ya juya ya dubi Lawali. "Na laluba," in ji shi.

Tanko ya jera takardun biyu a kan tabarma, ta tankin mota da ta jirgi. Tabonsu iri ɗaya. Kofur ya dire jarkar, ta yi ƙarar abin da ba komai a ciki.

"Galan huɗu ka saya jiya da safe, Lawali. Jirginka bai motsa ba. Ina man?"

"Na... na sayar."

"Wa ka sayar wa? Muna da babur, mu je yanzu."

Kulu ta ce, "Lawali," a hankali, ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Akwai mutum a bayan kanta da za a kai kotu Litinin da laifin kisa," in ji Tanko. "Yana da 'ya'ya huɗu. Ina man?"

Lawali ya zame daga tsugune ya zauna daɓas.

"Minti ashirin nic ce, in ɗauko farfela in maido ta, ba mai sani. Na iske tanki ba mai, nik koma jirgi niɗ ɗauko nawa. Na ce mai ai mai na." Ya haɗiye yawu. "Na hango ta tun da nisa, wallahi na hango ta. Sai nis saki totur."

"Birki fa?"

"Ga ruwa in ka saki totur, jirgi da kanshi shika tsayawa. Ina jira ta tsaya, Yallaɓai. Ina ta jira. Sai da nij ji ƙara sannan nit tuna akwai abin takawa."

Kofur Sule ya sa masa ankwa. Kulu ta bi su har ƙofar gida tana kiran sunansa, maƙwabta suka riƙe ta.

Da yamma aka saki Bitrus. Ya sa hannu a littafi, ya karɓi agogonsa da sifanarsa. Malam Zaidu na tsaye gindin dalbejiya kusa da motar, ya tare shi.

"Bitrus, an gode Allah gaskiya ta fito. Sufeto ya ce bayan shari'a za a ba ni ita. Sai ka wanke tankin, ka canza fulogi, ka nemo fitila. Ka san ba na yarda kowa ya taɓa ta sai kai."

Bitrus ya dubi motar, tun daga fasasshiyar fitila har ɗagaggen bayan da ya ɗaga da hannunsa. Ya sa sifanar a aljihu.

"Malam, ka nemi wanda ka san halinsa."

Ya tambayi Kofur inda gidan su Dudu yake, ya nufi can yin gaisuwa.