Ƙwaryar da Ba Ta Sauko Ba

Ƙaramar fitilar da ke gindin na'urar ta yi ja, ta koma ruwan ɗorawa, sannan ta tsaya a kore. Sallau ya sauke numfashi a jikin sandar ƙarfen da ya kafa a rufin gidansu. Ƙwaryar sadarwa ta kama.

Sunan da kamfani ya ba ta dogo ne, amma ƙwarya kowa yake ce mata, don in ka hango ta sai ka ce ƙwaryar nono aka kife. Aikinta ta karɓo intanet daga babbar hasumiyar birnin Katsina, ta watsa shi a iska, kowa ya ɗiba ba tare da an ja masa waya ba. A sabbin unguwanni, inda jiragen ƙasa ke gudu a kan gadojin sama, motoci kuma ke tuƙa kansu, babu falwayar da ba ta da tata. Lungun Dabino ne kaɗai ya rage. Katangunsa na ƙasa ne masu kauri, hanyoyinsa a murɗe, saƙo in ya shigo sai ya nutse kamar ruwa a rairayi.

Haɗa ƙwarya sana'ar Sallau ce, amma wannan don kakarsa ya kafa, Iya Hajo. Zuciyarta ta fara gajiya. Asibiti sun ɗaura mata wani warwaro mai sauraron bugun zuciya yana aika musu labari, suka kuma ce in warwaron bai samu hanyar magana da su ba, za su ɗauke ta zuwa gidan jinya na sabon gari, dogon bene wanda tagoginsa ba sa buɗuwa. Ita kuwa ta ce gidan da aka kawo ta amarya, daga nan za a fitar da ita.

Shi ya sa bai yi aikin da garaje ba. Ya ɗaure sandar tam. Ya jawo waya ɗaya mai ɗauke da wuta da saƙo a tare, ya lanƙwasa ta ƙasa kafin ta shiga na'urar, don ruwan sama ya ɗiga waje. Ya naɗe mahaɗar da ƙyallen roba, ya binne wata wayar a ƙasa saboda aradu. Sannan ya riƙa juya bakin ƙwaryar a hankali har ta fuskanci hasumiya.

To, akwai wata al'ada a lungun. Namiji in zai hau rufi ko dabino, sai ya ɗaga murya tukuna: "Za a hau sama, a shiga daga ciki." Mata su tattara su shige ɗaki, don daga sama tsakar gidan kowa a buɗe yake. In ya gama kuma sai ya ce, "An sauko." Sannan a fito. Sallau ya yi kiran farko tun da safe. Yanzu na biyun ya rage.

Ya diro daga tsani, ya leƙa ɗakin Iya da murna.

"Ango, ka gama wasa da aljanun naka?" in ji ta.

"Dubi hannunki, Iya. Kin ga koren nan? Asibiti na jin ki."

"Ta cikin wannan bangon?"

"Ai ƙwaryar tana da ido. Ba irin na hoto ba. Saƙon da take watsawa ne yake dukan jikin mutum ya koma mata, sai ta gane inda yake, a zaune ne ko a tsaye, ta auna masa saƙon daidai. Duk inda kika matsa tana biye da ke."

Ya juya zai fita ya yi kiran, ta ce, "Tsaya. Kai ka sauko. Ita fa?"

"Iya, ƙarfe ne."

"Na ji. Ta sauko?"

"A'a."

"To kada ka faɗa wa mutane abin da ba haka ba. Ban raine ka a kan haka ba."

Ladidi mai awara, wadda katanga ɗaya ta raba su, ta ji komai daga tagarta.

"Sallau, wannan ƙarfen naka wa yake kai wa labari?"

"Kamfani ne, Yaya Ladidi. Injuna ne kawai ke karantawa."

"Injunan ba su da iyayen gida?"

Kafin azahar magana ta tsallaka katanga ta zagaye lungu: an hau, ba a sauko ba.

Daga ranar tsakar gidaje suka mutu. Babu daka, babu shanya, babu hira ta kan katanga. Hayaƙin girki ta tagogin ɗakuna yake fita. Ladidi tana suya a ƙuryar ɗaki tana tari. Sallau ya gaya wa matan cewa shiga ɗakin ma ba ya ɓoye kowa, suka ce su dai abin da suka gada ke nan, in akwai mai kallo a sama, ba a zama a fili. Maza kuwa a zaure suna ta sa masa albarka, ƙwallo na zuwa musu a waya babu yankewa.

Sallau ya kasa zama wuri ɗaya. Ya buɗe shafin saiti ya nemi inda zai kashe idon, babu. Idon da saƙon abu ɗaya ne, in ka kashe wannan ka kashe wancan. Ya hau ya karkata bakin ƙwaryar, warwaron Iya ya mutu. Ya mayar. Ya rage mata ƙarfi, ya ƙara, ya sauya zango. Kuma duk hawan da zai yi sai ya tsaya gindin tsani ya ce, "Za a hau sama," ga mutanen da tuni suna ciki.

Da can Iya a gindin dabinon tsakar gida take wuni, tana tsince wake, tana korar kaji, tana faɗa da Ladidi kan gishirin awara. Yanzu tana kan gado, ɗakin ya ɗauki zafi, ƙafafunta sun fara kumbura.

"Iya, ki fito ko sha iska ne. Ni na kafa ta, na san ba ta da mugunta."

"Ango, tun ina yarinya ban taɓa zama a fili da mai kallo a sama ba. Yanzu da tsufa zan koya?"

Wata rana bayan la'asar, hadari na haɗowa daga gabas, sai warwaron ya yi magana da muryar mace mai taushi. Ya ce bayanai sun nuna majinyaciya ta daina tafiya, ba ta samun rana, bugun zuciyarta yana raguwa. Zaman gida bai karɓe ta ba. An turo mota.

Iya ta dubi hannunta, ta dubi jikanta.

"Ashe ita ta kai ƙarata."

Sallau ya fita, ya dawo, ya sake fita. Daga bakin lungu ya jiyo kukan motar asibiti, irin wadda ba ta da direba. Taswirar lungun ba ta cikinta, ƙwaryarsa ce ke jawo ta zuwa ƙofar gidan. Ya tsaya gindin tsani. Ya yi kiran. Ya hau.

Ya warware ƙyallen robar da ya naɗa da kyau, ya zare wayar. Koren fitilar ya dushe. Ya kwance ƙwaryar, ya rungumo ta a ƙirji, ya sauko da ita a hankali har ƙafarsa ta taɓa ƙasa.

"An sauko," ya ce. Ya sake, da ƙarfi. "An sauko!"

Ƙofar Ladidi ce ta fara ƙara. Sai wata, sai wata. Can wani gida aka sauke turmi, wata ta kwaɗa wa wata kira a kwashe kaya kafin ruwa, alhali babu abin da aka shanya. Iya ta fito tana dafa bango, ta zauna a tabarmarta gindin dabino, ta ja iska mai ƙamshin ruwa.

"Ladidi, kina nan da awarar nan taki mai kashe harshe?"

"Ina nan, Iya. Ke ce dai ba ki da haƙoran ci."

Warwaron ya yi baƙi. Yanzu babu injin da ke jin zuciyarta a faɗin birnin. Kukan motar ya matso, ya yi nisa, ya sake matsowa ta wani ɓangaren, tana ta kewaya lungu ta rasa hanya. Sallau bai san addu'ar da zai yi ba, ta iso ko ta ɓace.

Ya ajiye ƙwaryar a kife kusa da akurkin kaji. Ya zauna, ya ture warwaron sama, ya ɗora yatsunsa a wuyan hannun Iya. Ya iya saita na'ura ta ji numfashin mutum ta bayan katanga, amma wannan ba wanda ya taɓa koya masa. Ya yi ta lalube har ya samu wani ɗan motsi, siriri, mai tsallake.

"Ka ji wani abu, ango?"

"Ina ji, Iya."

"To kada ka saki."