Sahu Na Biyu

"A sahu na biyu zai tsaya, tare da 'yan kallo," in ji Mama, tana ninke farin hankici, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Odile ta san saurayinta Emile mahaifiyarta take nufi. Gobe za a raka mahaifinta makwancinsa da busa da ganguna, kamar yadda birnin New Orleans ke yi wa kowane shugaban mabusa. Sahun farko na dangi ne da makaɗa. Na biyu kuwa na duk wanda ya ji kiɗa ya biyo.

"Mama, shekara tara Emile yana busa a bayan Baba. Saura wata biyu aurenmu..."

"Wane aure? Da wanda ya bar mahaifinki a kwance ya tafi Chicago? Clovis ne ya tsaya, shi zai riƙe ƙahon."

Clovis, ɗan yayan Mama, yana bakin ƙofa da kwanon wake da shinkafa, yana murmushi. Shi ya baza cewa Emile gudu ya yi. Odile ta san Baba ne da kansa ya tura shi ya yi busa a madadinsa, amma mai shaidar yana cikin akwati.

Da yamma ta tarar da Emile zaune a matakalar gidansu.

"Ka je ka faɗa mata gaskiya mana."

"In yi musu da matar da ta rasa miji? Inda aka ajiye ni zan tsaya, rabin raina."

"Haƙurinka ne zai kashe ni, Emile. Kai ko fushi ba ka iya ba?"

Washegari aka fito daga coci ana takawa a hankali, busa mai nauyi na bin motar gawa. Ƙa'ida ce tun kakanni: ba a juya kiɗa zuwa na rawa sai iyali sun sallami mamaci. Amma da Clovis ya hango masu ɗaukar hoto a kwanar titi, sai ya ɗaga ƙaho ya saki busar murna, alhali hannun Mama na kan motar.

Ganguna suka rikice.

"Yaron nan sauri yake a rufe mijin gwaggonsa?" in ji wata tsohuwa.

Mama ta ƙame.

Sai wani ƙaho ya taso daga can baya, a sanyaye. Waƙar da Baba ke busa wa Mama a baranda kowace Lahadi ce, wadda bai taɓa fitar da ita waje ba. Makaɗa suka koma bayanta ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya koya wa Emile wannan?" in ji Mama.

"Baba, ranar da ya tura shi. Ya ce in ta Allah ta kasance, ya busa miki... Na sha faɗa miki, Mama," in ji Odile.

Mama ta jima tana saurare kafin ta janye hannunta, motar ta wuce. Ta ɗaga hankicin ta yafito sahu na biyu. Jama'a suka dare.

"Tsaya nan kusa da ita," ta ce wa Emile. "Yanzu ka saki kiɗan, ɗana. Maigidana ya daɗe yana jiranka."

Odile ta harare shi cikin hawaye.

"Da ka buɗe baki tun jiya..."

"Ai ga shi na buɗe," ya ce, ya mayar da ƙahon bakinsa.